Yadda Ake Gane Asalin Tsohuwar Bindigar Farauta Ta Gado

Kafin komai a buɗe bindigar a leƙa bututunta, a tabbatar babu harsashi a ciki. Kada kuma a goge tsatsa da samfefa ko wayar wanke tukunya, domin yawancin magada a nan suke kankare shaidar da suke nema. Tsumma da ɗan man keke sun isa, kuma kuɗinsu bai taka kara ya karya ba.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne dogaro da sunan da aka zana a saman bututu. Maƙeran birnin Liyej na Beljiyam sun ƙera bindigogi masu araha da yawa suna rubuta musu sunaye irin na Ingila, kamar "W. Richards", don mai saye ya zaci na kamfanin Westley Richards ne. Hatimin gidan gwaji, wato inda ake gwada ƙarfin bindiga a buga mata shaida, shi ne abin dogaro, kuma a ɓoye yake. A cire katakon da ke ƙarƙashin bututu, a raba bututun da jikin bindigar, a kifa shi, sannan a duba shafaffen wurin da ke kusa da mashigar harsashi. Na fi son a goga alli a wurin, a ɗauki hoto da waya cikin hasken rana.

Idan an ga ELG cikin da'ira mai siffar ƙwai, ta Beljiyam ce ko mene ne sunan da ke sama, kuma idan da kambi a kan da'irar, daga 1893 zuwa sama aka gwada ta. Gidan gwaji na Bamingam a Ingila, wanda aka kafa a 1813, ya yi amfani da BP da BV ƙarƙashin kambi daga 1904, sannan BNP daga 1954. Na Landan kuwa GP ne ƙarƙashin kambi. Rubutun "NOT FOR BALL" yana taƙaita lissafi ƙwarai, don tsakanin 1875 da 1887 kaɗai aka buga shi. Bindigogin Faransa, irin su Robust da Simplex na kamfanin Manufrance da ake samu a gidajen Nijar, suna ɗauke da sunan garin Saint-Étienne.

Daga nan a nemi alamar gwajin albarushin zamani, wato NP ko BNP a Ingila ko PV tare da zaki a Beljiyam. Bindigar Ingila ko Beljiyam da ba ta da ita, musamman mai bututu da zane a murɗe, ta baƙin albarushi ce, kuma harsashin yau yana iya fasa ta. Lambar 65 ko 2½ tsawon mashigar harsashi ne (milimita 65 ko inci 2½), don haka kada a saka mata harsashi mai tsawon milimita 70.

A rubuta lambar bindigar, a kai ta wurin ƙwararren mai gyara kafin a harba, a kuma je wurin 'yan sanda kan batun lasisi, domin na mamaci ba ya wucewa zuwa magaji.