Yadda Ake Zaɓen Intanet na Gida a Abuja

Kafin a sayi na'urar intanet, a tambayi maƙwabta kamfanin da sabis ɗinsa ya fi ƙarfi a unguwar, domin wanda ke gudu a Wuse yana iya rarrafe a Kubwa ko Lugbe. In da hali, a ari na'urar a gwada da daddare, lokacin da kowa ya hau intanet.

Inda aka ja wayar fayiba, wato wayar da ke kawo intanet mai sauri har cikin gida, ita ta fi dacewa da gida mai yawan jama'a. Inda babu, a duba MTN, Airtel ko Spectranet, Starlink kuwa sai mai ƙarfin aljihu. Tsarin data da ake cewa ba ya ƙarewa yakan rage gudu bayan an cinye wani adadi, saboda haka a karanta sharuɗɗansa. Idan kamfani ya yi biris da koke, a kira NCC, hukumar da ke kula da kamfanonin sadarwa, ta lamba 622.