Dokin da ke ɗingishi yau, gobe ya daina

'Yan uwa masu doki, idan dokinku ya fara ƙin aiki, kada ku yi saurin cewa taurin kai ne, sau da yawa ciwo ne. Ku sa wani ya ja shi yana sassarfa a ƙasa mai tauri, a miƙe sannan a zagaye, ku ɗauki bidiyo da waya. Idan ƙafar gaba ce, kansa zai ɗaga duk lokacin da mai ciwon ta taka ƙasa. Ta baya ta fi wuyar ganewa, sai an lura da ƙugu. Ku taɓa kofato ko da zafi, ku duba sirdi da haƙora. Kada ku ba shi maganin kashe ciwo kafin likitan dabbobi ya zo, yana ɓoye ɗingishin.