Yadda za ka tare zafi tun yana laka

Daren da na buga babban yatsan ƙafata da ƙafar gado, na lura zafin sau biyu ya zo. Na farko mai kaifi, kamar sukar allura. Bayan kusan daƙiƙa ɗaya sai zogi ya biyo baya, ya zauna daram. Jijiyoyi iri biyu ne suka ɗauko saƙon. Masu suna A-delta suna da rufin kitse, gudunsu na iya kai mita 30 a daƙiƙa. Jijiyoyin C kuwa ba su da rufi, da ƙyar suke yin mita 2.

Babu wadda ke zarcewa ƙwaƙwalwa kai tsaye. Laka, wato igiyar jijiyoyi da ke cikin ƙashin baya, suke fara shiga, ta wani sashe da ake kira ƙahon baya. A nan jijiyar farko take miƙa saƙo ga ta biyu ta hanyar sinadarai irin su gulutamet, ita kuma ta tsallaka ɗaya gefen lakar ta haura sama. Wato ciwon ƙafar dama ta hagu yake hawa. Janye ƙafar da ka yi tun kafin ka ce wayyo ma aikin laka ne, ba ta jira izinin kowa ba.

A wannan mahaɗa ce kake da ta cewa. A 1965 Ronald Melzack da Patrick Wall suka bayyana cewa wurin kamar ƙofa yake: saƙon taɓi, wanda manyan jijiyoyin A-beta ke kawowa da gudu fiye da na ciwo, yana tada wasu ƙananan ƙwayoyin jijiya da ke danne saƙon zafin. An yi wa bayanin nasu gyare-gyare daga baya, amma tushen bai kau ba.

To, idan ka buge, ga abin yi. Fara duba wurin tukuna. In fata ba ta tsage ba, gaɓa ba ta karkace ba, sa tafin hannu ka riƙa murza wurin da kewayensa a hankali. Kada ka danna har ya yi zafi, don a lokacin jijiyoyin ciwon kake ƙara tsokana. Ni dai na fi jin sauƙi idan na faɗaɗa murzar na ci gaba da ita na ɗan lokaci, domin da ka daina ƙofar sai ta sake buɗewa.

Sannan ka nemi taimako daga sama. Ƙwaƙwalwa na aiko saƙo ƙasa zuwa ƙahon bayan nan, tana amfani da sinadarai irin su endofin wajen rage abin da zai wuce. Tsoro da zuba wa ciwo ido suna ƙara shi. Ja numfashi a hankali, ka mai da hankalinka kan wani abu, ko da ƙirga ne.

Kada ka murza ƙuna; ruwan sanyi mai gudana za ka sa mata na minti 20, ban da ƙanƙara. Haka ƙwauri da ya kumbura ya yi ɗumi ba tare da buguwa ba, kada ka taɓa shi da tausa, yana iya zama gudan jini, asibiti za ka nufa. Idan kuma rauni ya warke amma ko shafar riga na sa ka zabura, mai yiwuwa lakar ce ta koma ƙara wa saƙon ƙarfi, wannan sai likita.