Yadda Ake Koyon "Jeux d'eau" a Fiyano

Maurice Ravel, ɗan ƙasar Faransa, ya tsara "Jeux d'eau" a 1901 domin fiyano ta kwaikwayi tsalle da zubar ruwa, kuma wahalar kiɗan tana cikin haɗa saurin yatsu da taushin taɓawa. Ya kamata mai koyo a Jos ya nemi fiyano mai maɓallai 88 masu nauyi, irin wadda ake samu a wasu manyan majami'u, domin ƙaramar ta lantarki ba ta koya wa yatsa auna ƙarfi.

Da safiyar hunturu, a tsoma hannu cikin ruwan ɗumi kafin a zauna, saboda yatsun da sanyi ya ƙage ba sa gudu. A raba kiɗan gaɓa-gaɓa, kowane hannu ya maimaita nasa shi kaɗai, sannu a hankali, har ya zauna, sannan a haɗa su.

A ganina, feda, wato abin da ake takawa da ƙafa a ƙasan fiyano domin sauti ya daɗe, ita ce ta fi buƙatar kulawa. Idan aka danne ta aka bari, sautuka sukan dagule kamar ruwan kududdufi, don haka a ɗaga ƙafa kaɗan duk sa'ad da jituwar sautuka ta sauya, kunne kuma yana biye har sautin ya fito garau.