Darasi na Tara: Man Maciji da Maganin Sanyin Ƙashi

Idan hunturu ya shigo, gwiwa ta ƙi lanƙwasuwa wajen sujada, ƙugu ya riƙe, mutum kan sayi duk abin da aka ce masa magani ne. Wanda bai taɓa kwana da ciwon gaɓoɓi ba shi ne zai zarge shi. A wannan darasi za mu karanta labarin wasu kwalabe da aka sayar a Amurka fiye da shekara 100 da suka wuce, daga nan mu koyi karanta takardar da ke jikin kwalbar magani.

Karatu

An yi wani mai tallan magani a Amurka, sunansa Clark Stanley. Ya ba kansa sarautar sarkin macizai. Ya ce bokayen ƙabilar Hopi, ɗaya daga cikin ƙabilun asali na Amurka, ne suka koya masa sirrin man maciji. A jikin kwalbarsa an rubuta cewa man yana maganin sanyin ƙashi, da ciwon baya, da targaɗe, da ciwon haƙori, da ciwon maƙogwaro, har da cizon dabba, kuma wai mutum ya shafa, a shafa wa dabba ma. A 1916 ma'aikatan gwamnati suka auna abin da ke cikin kwalbar. Suka tarar da man da ake tacewa daga fetur, da ɗan kitse, da jan barkono, da kafur. Man maciji kuwa ko ɗigo babu. Aka ci shi tarar dala 20.

To, me ya sa mutane suka yi ta komawa suna saye? Ku tsaya a nan ku yi tunani. Barkono da kafur suna ɗumama fata, kamar man zafin da muka sani. Mutum ya shafa, ya murza wurin, ya ji raɗaɗi ya lafa. Sannan ciwon gaɓoɓi da ma mai zuwa da tafiya ne: yau ya matsa, jibi ya sassauta. Idan sassaucin ya zo daidai da ranar da aka shafa man, sai kwalba ta sha yabo. Ciwon yana nan a gaɓa, bai je ko'ina ba.

Stanley kuɗi kawai ya ci. Magungunan sha su ne suka ci rai. Tun shekarun 1840 aka riƙa sayar da wani ruwan zaƙi mai suna Mrs. Winslow's Soothing Syrup don jarirai masu fitar haƙori. Mofin ne a ciki, dangin ofiyom, sinadari mai sa maye da barci. Uwa ta ba jariri ya yi shiru, ta ce magani ya yi kyau, alhali bugar da shi aka yi, wasu kuma ba su farka ba. Akwai kuma wani attajiri, Eben Byers, wanda ya ji ciwo a hannu a 1927, aka ba shi shawarar ya riƙa shan Radithor, ruwa mai ɗauke da sinadarin radiyam, mai guba da ke cinye ƙashi. Ya sha kwalba fiye da 1,000. Ƙashin muƙamuƙinsa ya ruɓe, ya rasu a 1932. Dukiyarsa ba ta kare shi ba.

A 1906 Amurka ta yi dokar abinci da magani. Abin da ya fi burge ni a dokar shi ne ta tilasta a rubuta. Idan da giya, ko mofin, ko ofiyom, ko hodar iblis a cikin magani, dole a bayyana a jikin kwalba. Rubutun nan kuwa mai karatu kaɗai yake yi wa amfani, ku kuma yanzu kuna karatu.

Kada a ɗauka cewa duk maganin da ya fito daga itace ƙarya ne. Asfirin ma asalinsa daga ɓawon wani itace ne da Turawa ke kira wilo, wanda aka daɗe ana jiƙawa don zazzaɓi. A 1897 aka haɗa shi a kamfanin Bayer na Jamus, aka san sunansa, aka san awonsa, aka san wanda bai kamata ya sha ba.

A kasuwarmu

Kun san haɗin da ake ƙullawa a leda a tasha ko a kasuwa: ƙwaya huɗu ko biyar, launi daban-daban, babu suna, a ce na sanyin ƙashi ne, sha yanzu magani yanzu. Sau da yawa a ciki akwai masu kashe zafi irin su diclofenac da piroxicam, tare da dexamethasone ko prednisolone. Ciwo kan lafa da gaske, shi ya sa ake komawa. Amma shan masu kashe zafi biyu ko uku lokaci guda yana jawo gyambon ciki, yana taɓa ƙoda. Dexamethasone kuwa, idan aka daɗe ana sha, yana kumbura fuska, ya tayar da suga da hawan jini, ya raunana ƙashin da ake nema wa lafiya. Wanda ya daɗe a kansa kada ya daina farat ɗaya, ya je likita ya rage masa sannu a hankali.

A garzaya asibiti idan gaɓa ɗaya ta kumbura ta yi zafi ga zazzaɓi, ko bayan gida ya zama baƙi kamar kwalta. Haka idan yaro ya yi ciwon maƙogwaro, bayan sati biyu ko uku ciwo ya riƙa yawo daga wannan gaɓa zuwa waccan. Wannan na iya taɓa zuciya, kuma man zafi ba zai yi masa komai ba.

Aiki

Gobe kowa ya zo da kwalba ko kwalin magani ɗaya daga gida. Ku zauna bibbiyu. Ku nemo sunan sinadarin da ke ciki, ku kwafe shi a littafinku harafi bayan harafi. Ku nemo lambar NAFDAC, hukumar da aka kafa a 1993 don kula da abinci da magani a Najeriya. Ku nemo haruffan EXP, ku karanta wata da shekarar da wa'adin maganin zai ƙare. Sannan ku ƙirga cututtuka nawa takardar ta ce yana warkarwa. Kwalbar da ba ta faɗi abin da ke cikinta ba, a ajiye ta a teburin malam.