Yadda za ki zaɓi mai ba ki jakunkuna idan ba kya ajiye kaya

Ke da kike zaune a Ringim ko Ɓaɓura kina ɗora hotunan jakunkuna a WhatsApp, sai an biya sannan ki sa a tura wa mai saye, sana'arki kaf tana hannun mai tura kayan nan.

Ki fara da ɗan sari, kada ki fara da masana'anta. Na san kayan masana'anta sun fi araha, amma ba a ɗinka wa mutum jaka ɗaya. Masu ɗinki a kasuwar Ariaria ta Aba sun fi son dozin-dozin. Na Guangzhou a ƙasar Sin kuwa sai kin ɗauki da yawa, kuɗi a gaba, ga kuɗin dako da na kwastan, ga jiran makonni. Wadda ta biya ki don bikin ƙanwarta ranar Asabar ba za ta jira ba. Ɗan sari a kasuwar Ƙofar Wambai ko ta Sabon Gari a Kano zai ɗora ribarsa, amma yau ɗin nan zai kai jaka guda tasha ya danƙa wa direba.

Kafin ki tallata komai, ki sayi guda ɗaya da kuɗinki. Wannan kam ba na yarda a tsallake shi. Ki zuge zif ɗin ki mayar sau goma. Ki zuba mata kwanon shinkafa ki rataye ta kwana, da safe ki duba gindin hannun ko ɗinkin ya saki. Ki sa hannu ki ja shafin ciki. Ki sansana, fata ba ta ɓoye ƙamshinta, roba ma haka.

Sai ku yi magana ƙarara da ɗan sarin: "Alhaji, in ta zo da lahani wa zai ɗauki asarar?" Ya riƙa turo miki bidiyon jakar kafin ya naɗe, da lambar direba, kuma kada ya cusa katinsa a ciki ya janye miki masu saye. Kuɗin mota da cajin POS ki lissafa su kafin ki yanke farashi.

Idan kika ga wani samfuri ana ta nemansa wata uku a jere, lokacin zuwa wurin masu ɗinki ya yi. Ki fara da na kusa, dukawan birnin Kano, inda za ki je da ƙafarki ki ga fatar. Ki ba da aikin dozin ɗaya, ki biya rabi, sauran sai kin ƙirga jakunkunan da hannunki.