Yadda za ka kalli tsofaffin wasannin uba da 'ya'ya na Amurka tare da yaranka

Idan kana neman abin da za ku kalla da yara ba tare da kana zabura kana rufe allo ba, ka gwada tsofaffin wasannin barkwanci na talabijin na Amurka, musamman waɗanda aka gina a kan magidancin da matarsa ta rasu ta bar masa 'ya'ya. Suna da yawa, amma ba duka za a fara da su ba.

Ni dai shawarata a fara da The Andy Griffith Show, wanda tashar CBS ta nuna daga 1960 zuwa 1968. Andy Taylor shi ne shugaban 'yan sandan wani ƙaramin gari da aka ƙirƙira, Mayberry, a jihar North Carolina. Yana da ɗa ɗaya, Opie, sai goggon Andy, Bee, wadda ta raine shi, ta dawo gidan don ta riƙe masa yaron. Kashi 249 ne, amma kada ka ce sai ka bi su a jere. Ka tsaya a kan na shekaru biyar na farko, masu baƙi da fari, lokacin da Don Knotts yake fitowa a matsayin Barney, mataimakin da ba a yarda ya riƙe harsashi fiye da ɗaya ba, shi ma a aljihun riga. Bayan tafiyarsa a 1965 wasan ya koma mai launi, armashinsa kuma ya ragu.

Bayan kashi na farko, nemi wanda ake kira Opie the Birdman, na 1963. Opie ya harbi wata tsuntsuwa da danƙo ya kashe ta, alhali tana da 'ya'ya a sheƙa. Da dare uban ya shiga ɗakinsa. Yaron yana jiran duka, amma uban bai taɓa shi ba, taga kawai ya buɗe don ya ji kukan 'yan tsuntsayen da ke jiran uwar da ba za ta dawo ba. A nan nake so ka tsayar da hoton. Kada ka yi wa yaran wa'azi, tambayarsu za ka yi: me ya sa baban bai doke shi ba? Ka bari su yi ta gardama a tsakaninsu kafin ka ci gaba, su ga yadda Opie ya ɗauki rainon tsuntsayen har suka yi fiffike ya sake su. Ka tuna shi kansa Opie ba shi da uwa. Yaron da ya haura shekara bakwai yakan gano wannan da kansa, idan ba a riga shi faɗa ba.

Kashi ɗaya a dare ya isa, tunda kowanne kusan minti 25 ne. Ka kunna rubutun da ke fitowa a ƙasan allo, don Turancin kudancin Amurka yana da wuyar kamawa ko ga wanda ya yi boko sosai. Ƙanana kuwa ka riƙa taƙaita masu da Hausa a inda aka yi shiru. Ka kuma gaya masu tun farko cewa dariyar da suke ji ba ta mutanen cikin wasan ba ce.

Wani abin da nake so yara su lura da shi: babu uban da ke rainon nan shi kaɗai. A My Three Sons, wanda ya yi shekara 12 daga 1960, surukin uban, Steve Douglas, wato kakan yaran na wajen uwa, shi ne yake girki da shara a shekarun farko. A Full House, na 1987 zuwa 1995, ƙanin marigayiyar da wani aminin uban, Danny Tanner, su ne suka tare a gidansa da ke San Francisco saboda 'yan matansa uku. Tambayi yaranka wa ke yi wa gidanku irin wannan ɗawainiya, ka ji sunayen da za su kawo.

Sai dai kada tsufan wasa ya sa ka saki jiki. Ka riga yaran kallon kowane kashi. A Mayberry akwai Otis, mashayin da ke kai kansa ɗakin tsare masu laifi ya kwana, Full House kuma akwai zancen samari da 'yan mata da yawa idan yaran sun girma. Diff'rent Strokes, labarin attajirin New York da ya ɗauki riƙon yara maza biyu daga unguwar Harlem bayan rasuwar mahaifiyarsu, yana da kashi biyu na 1983 a kan wani mai shagon kekuna da ke yaudarar yara don ya lalata su. An yi shi ne don gargaɗi, kuma yana da amfani ƙwarai, amma wannan kam ka ajiye shi sai ranar da ka shirya zama ka amsa duk tambayar da za ta biyo baya.